Dakta Ma Ya Ce Lafiyarta Ƙalau

A unguwar Kusfa, in aka ce Dakta ba a neman ƙarin bayani. Kowa ya san Aƙilu ake nufi, ƙanin Tayyiba matar Malam Jalo maɗinki. Aƙilu ya yi bayani har ya gaji, cewa shi ba likitan asibiti ba ne, digirinsa na bincike ne, bai taɓa yi wa ɗan Adam allura ba. Ba wanda ya saurare shi. Tsofaffi su tare shi a bakin masallaci su nuna masa gwiwa, mata su aiko masa da takardar magani ya karanta musu. Tun yana musu har ya koma yana gyaɗa kai, yana cewa a rage gishiri, a riƙa shan ruwa da yawa. A ransa kuwa, ko bai faɗa ba, sunan yana yi masa daɗi.

Aikinsa a Samaru yake, a jami'a, cikin wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda da kullum yake warin jiƙa saboda bahon kwaɗin da ke bayan ƙofa. Abin da ya sallama wa rayuwarsa wani ɗan gurbi ne da ido ba ya gani. Jijiyar da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ba ta taɓa tsokar da take umarta. Takan zo dab da ita ne ta tsaya, a bar wata 'yar tazara a tsakani, wadda in aka tsaga silin gashi gida dubu, gida ɗaya ne faɗinta. Daga nan sai jijiyar ta feso wani sinadari ya tsallaka. A ɗaya gefen, jikin tsoka, akwai wasu 'yan makarɓa da ke cafke shi, kuma duk cafka sai lantarkin da ke jikin tsokar ya ɗan cira sama. In cirar ta kai wani mizani, tsoka ta tsuke, hannu ya ɗaga ko ido ya buɗe. In ba ta kai ba, umarni ya zo ya wuce a banza. Haka su ma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo.

Wannan 'yar cirar lantarkin ita Aƙilu yake aunawa. Yakan ciro tsokar cinyar kwaɗo da jijiyarta, ya shimfiɗa a faranti cikin ruwan gishiri, ya soka mata allurar gilashi mai siririn baki, ya zauna yana kallon koren layi a allon na'ura. Da zarar ya tsikari jijiyar da ɗan lantarki, sai layin ya yi tozo. Abin da ya fitar da sunansa shi ne aikin da ya yi da dafin gamsheƙa. Dafin yakan je ya zauna a kan makarɓan nan ya toshe su. In ya ɗiga kaɗan wanda aka tsarma ƙwarai, ya shiga tsikarar jijiyar a jere, tozon farko yakan fito da tsayinsa, na biyu ya ragu, kafin na biyar ya kusa kwantawa. A bar tsokar ta huta, ƙarfi ya ɗan dawo. Ya rubuta takardu a kan wannan, an gayyace shi ƙasashe ya yi bayani.

Tayyiba ce ta raine shi. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, ita kuma da aka kai ta ɗakin miji bayan shekara uku sai ta tafi da shi. Malam Jalo bai taɓa nuna masa cewa gidan ba na ubansa ba ne. Shi ya kai shi makarantar boko a kan kekensa, shi ya ɗinka masa wandon makaranta na farko. Mata da mijin kuwa sana'a ɗaya suka haɗa. Malam Jalo ya yanka babbar riga ya haɗa a shagonsa na kasuwar birni, ya kawo gida, Tayyiba ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta yi mata aikin hannu. Aska takwas ɗinta har daga Kano ake zuwa nema. Aƙilu ya tashi yana jin su da yamma, ɗaya na riƙe da wuyan riga ɗaya na riƙe da aljihu, suna gardama a kan launin zare, gardamar da kullum dariya ke ƙarshenta.

A daminar shekarar dubu biyu da goma sha biyu, wata Laraba, Malam Jalo ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya rufe shago ya hau mota har Samaru. Ya iske Aƙilu a ranar da ya shafe sati uku yana jira: ga wuta, ga tsoka mai rai, ga allura ta shiga daidai ba ta karye ba.

"Malam, kai ne da kanka? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Dakta. Wato dai, maganar yayarka ce."

Aƙilu ya jawo masa kujera, amma ido ɗaya na kan allo.

"Ban san yadda zan faɗa maka ba," in ji Malam Jalo, yana murza hularsa a gwiwa. "Ta canza mini. Da safe in kun gaisa ba ka ce wani abu na damunta ba. Amma riga ɗaya yau wata biyu tana hannunta. Ta ce wai allura na zame mata biyu. In na dawo daga kasuwa sai ta dube ni da rabin ido, kamar wadda na yi wa laifi. Na yi magana, ta amsa can ƙasan maƙoshi. Na tambaye ta ko na ɓata mata ne, ta ce a'a. To ni dai na rasa gane ciwo ne ko fushi."

Koren layin ya yi tozo, Aƙilu ya rubuta lamba a littafi. Abin da kunnensa ya ɗauka shi ne rabin ido da laifi da fushi. A ransa ya ce, maganar mata da miji ce, shekara ashirin da wani abu ana tare ai dole a samu irin haka.

"Kada ka damu, Malam. Zan shigo ranar Asabar in duba ta."

Ya cika alkawari. Ƙarfe takwas na safe ya shiga ta Ƙofar Doka, ya ajiye mota inda hanya ta ƙare, ya ƙarasa Kusfa a ƙasa, da na'urar auna jini a jaka. Ya tarar da Tayyiba ta share tsakar gida fes, tana suyar ƙosai. Tana ganinsa ta saki dariya.

"Ka ga ɗan boko! Yau an tuna da mu. Kwaɗin sun ba ka izini?"

Ya ci ƙosai ya sha koko. Ya auna mata jini, ya ja fatar idonta ƙasa ya duba ko jini ya yi mata kaɗan, ya sa ta matse masa yatsu. Ta matse har sai da ya ce wash. Komai daidai.

"Yaya, ke da kika fi ni lafiya."

Ta juya ƙosai a kasko. "Da yamma ne, Aƙilu. Ka tsaya zuwa la'asar mana ka gani."

"Ɗalibai na jirana ƙarfe goma sha ɗaya. Wani lokaci dai."

A zaure ya iske Malam Jalo zaune da Hajo, yayar Malam ɗin, wadda ke aure a bayan layinsu, ta shigo gaisuwa. Su biyun suka ɗago suna dubansa.

"Ban ga komai ba," in ji Aƙilu. "Lafiyarta ƙalau. Ƙila gajiya ce, ko wata damuwa a rai. In ta sa kanta za ta iya."

Ya faɗa ne yana saka takalmi, kuma kafin ya kai Ƙofar Doka ya manta ya faɗa. Amma maganar ta zauna a gidan. Ba wanda ya ƙara kawo zancen asibiti. In Tayyiba ta ajiye allura ta jingina da bango, sai a ce Dakta ma ya ce lafiyarta ƙalau. In ta kasa ɗaga tulu, ko loma ta tsaya mata a baki ta kasa taunawa, Hajo ta taɓe baki ta ce son jiki ne, ƙanin Tayyibar na ciki ɗaya ma ya auna bai ga komai ba. An gwada rubutu da hayaƙi na ɗan lokaci, ko da iska ne, aka bari. Abin da ya ƙara ɗaure wa zargin gindi shi ne yadda ciwon ke wasa da ita. Sai ta yi wata uku garau har ta gama riga, kowa ya ce ka gani, dama da gangan take yi. Sannan ya dawo.

Malam Jalo ba mai faɗa ba ne. Bai zage ta ba, bai kore ta ba. Ya dai fara kai riguna wa wasu mata a Anguwar Alkali, daga baya ya koma wa masu yin aikin da keken ɗinki. Ya daina shigowa da riga a kafaɗa. In ya dawo daga kasuwa sai ya zauna a zaure har a kira isha'i, a kai masa tuwo can. 'Yarsu Salma, wadda ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansu, ta ɗauki girkin yamma tun kafin ta gama sakandare, ta girma tana ganin uwa da uba suna gaisawa kamar maƙwabta.

Aƙilu bai yanke zumunci ba. Yana zuwa. Ranar Sallah daga idi nan yake fara sauka, in ana suna a dangi da shi ake raɗawa da sassafe, wani lokaci ya biyo da buhun shinkafa kafin ya wuce aiki. Kullum ya iske yayarsa a tsaye. Ya lura ta rame, ya lura babu riga a cinyarta, ya lura gidan ya yi shiru. Ya ce a ransa girma ne. A tsakani kuma ya yi shekara biyu a ƙasar waje yana auna irin wannan cirar lantarkin a ƙwaƙwalwar ɓera, ya dawo aka yi masa ƙarin girma.

Shekara bakwai bayan waccan Asabar, ciwon ƙoda ya kwantar da Malam Jalo. Tayyiba ta yi iya yinta, amma ba ta iya tayar da shi zaune, kuma in ta riƙe masa kofi sai hannunta ya sauka tun bai gama sha ba, ruwa ya zube masa a ƙirji. Rannan Hajo ta shigo ta ga haka, ta karɓe kofin ta ce, "Tashi, tun da ba ki da niyya." Daga ranar ita ta yi jinyar ƙaninta har ya cika. A zaman makoki mata suka yi ta ƙus-ƙus, wai fuskar Tayyiba ko motsi ba ta yi, wai da aka yi mata gaisuwa sai ta yage leɓe kamar mai yaƙe. Maganar ta fito har wajen maza. Aƙilu ya ji kunya ta rufe shi. Washegari da safe ya shiga ɗakin da take takaba, ya durƙusa, ya rage murya.

"Yaya, mutane na magana. Ko don Salma ki riƙa nuna musu kin damu."

Tana lulluɓe da mayafi har goshi. Ta ce, "To, Aƙilu."

Aka ƙara shekara biyu. Wata Litinin, yana tsakiyar duba takardun jarrabawa, Salma ta kira shi. A lokacin ta yi aure tana koyarwa a wata firamare, amma kullum ta tashi daga makaranta sai ta biya ta wajen uwarta.

"Kawu, don Allah ka zo yanzu. Inna ta ƙware da ruwa har ya fito mata ta hanci. Jiya ma haka ta yi. Ni na tsorata."

"Zan shigo gobe da safe."

"A'a, Kawu. Da safe ba za ka ga komai ba. Yanzu."

Yadda ta faɗi maganar ya sa ya ajiye biro. An sauko daga sallar la'asar ya shiga gidan. Rabonsa da ya ga wannan tsakar gidan da inuwa ta juya gabas, ya kasa tunawa.

Tayyiba na zaune a tabarma ta jingina da bango, ta ɗaga haɓa sama kamar mai kallon rufin ɗaki. Da ya matso sai ya gane dalili. Fatar idonta ta sauko ta rufe fiye da rabin ƙwayar, ta hagu ma ta kusa rufewa gaba ɗaya, sai ta ɗaga kai take iya hango mutum ta ƙasa. Goshinta ya tattare saboda ƙoƙarin janye fatar. Ta yi masa sannu da zuwa, kalmomin farko suka fito sarai, kafin ta kai ƙarshen gaisuwa muryar ta koma ta hanci, ta narke. Ta yi ƙoƙarin yi masa murmushi, leɓen sama ya ɗage, gefen bakin bai motsa ba.

Aƙilu ya ƙara matsowa. Ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ɗago hannuwanki duka biyu. Sauke. Sake ɗagawa. Sake."

Na farko sun kai kafaɗa. Na biyu ƙasa da haka. A na biyar ko daga cinya ba su tashi ba.

"Salma, akwai mai sayar da ƙanƙara a kusa?"

"Gidan Nana, nan gaba."

"Karɓo mini. Yi sauri."

Ta dawo da ƙullin ƙanƙara a leda. Ya fasa da dutsen niƙa, ya naɗe gutsure a hankicinsa, ya ce wa Tayyiba ta rufe ido, ya ɗora a kan na hagu, yana duban agogo. Ya san sanyi na sa sinadarin nan ya ɗan ƙara jimawa a tazarar kafin a rushe shi, har 'yan makarɓan da suka rage su samu su cafka. Ya sha rubuta wannan a allo. Minti biyun nan ruwan sanyi na gangara a kumatunta yana ɗiga a zane.

Ya ɗauke hankicin. "Buɗe."

Idon ya buɗe tar, har sama, kamar na yarinya. Salma ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Inna, idonki!" Tayyiba ta dube shi da wannan ido ɗaya buɗaɗɗe, ɗayan na rufe rabi. Suna nan zaune, cikin 'yan mintoci fatar ta sake saukowa a hankali.

Washegari ya kai ta asibitin koyarwa na Shika. Likitar jijiya da ta karɓe su, Dakta Hajara, tana ganinsa ta miƙe tsaye. Ashe ɗalibarsa ce, ta yi ajinsa a shekararta ta biyu. Ta saurari bayani, ta duba Tayyiba da kyau, sannan ta manna mata wayoyi a hannu ta shiga tsikarar jijiyar da ɗan lantarki a jere. Aƙilu na tsaye a bayanta yana kallon allo. Tozon farko da tsayinsa, na biyu ya ragu, na uku ya ƙara raguwa. Ya kau da kai.

"Mayasteniya ce, Malam," in ji Dakta Hajara. "Za mu yi gwajin jini mu tabbatar, amma ba na shakka." Ta juya ga Tayyiba. "Hajiya, garkuwar jikinki ce ta yi kuskure, take lalata wuraren da tsoka ke karɓar saƙo daga jijiya. Saƙon na zuwa, masu karɓa ne suka yi kaɗan. Shi ya sa in kin huta kike da ƙarfi, in kin yi aiki ya ƙare. Ba laifinki ba ne, kuma akwai magani." Sai ta yi murmushi ta dubi malaminta. "Ai a bakinka na fara jin sunan cutar nan. Har yanzu ina tuna zanen da ka yi mana. Yaushe abin ya fara mata?"

Aƙilu ya dubi ƙasa. Tayyiba ce ta amsa. "Shekara tara ke nan, da damina."

Dakta Hajara ta dubi takardar gabanta, ta rubuta, ba ta ƙara ɗago kai ba sai da ta gama.

Aka ba ta ƙwaya ta farko tun suna can, aka ce su jira a benci. Ba a yi awa ɗaya ba Tayyiba ta sauke haɓa, ta dubi mutanen da ke wucewa sosai da idonta biyu. Ta nemi ruwa, ta shanye leda guda ba ta ƙware ba. Wata mata ta wuce da goyo, jaririn ya leƙo yana wasa da yawu, Tayyiba ta yi masa murmushi, cikakke, har kumatu suka lotsa. Salma ta rufe fuska da hijabi ta fashe da kuka. Ta ce ita ta ɗauka uwarta ta daina yi mata fara'a ne tun tana 'yar sakandare, ta yi ta neman laifin da ta yi ba ta samu ba.

Magani ya karɓe ta. Ba warkewa ba ce, ƙwaya ce sau huɗu a rana, da wata ta safe, da komawa asibiti duk bayan wata biyu, amma cikin sati shida ta koma girkinta, tana zuwa gidan suna da ƙafarta. Aƙilu ya ɗauki nauyin kai ta da dawo da ita. A mota sukan yi hirar duniya, tsadar gero, auren 'yar wane. Yana ta jiran tambayar, har wata rana suna dawowa, sun tsaya a cunkoson Ƙofar Doka keke napep sun toshe hanya, ta yi ta ba tare da ta dube shi ba.

"Aƙilu, yarinyar nan ta ce a bakinka ta fara jin sunan ciwon. Tun yaushe ka san shi?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya so ya ce shi ba likita ba ne, abin da ya saba faɗa. Ya so ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba.

"Tun kafin ya kama ki, Yaya. Ina koyar da shi duk shekara. Malam ya zo har ofis ya gaya mini komai, da idon, da allurar da ke zama biyu. Ban saurare shi ba. Ke ma kin ce in tsaya zuwa la'asar."

"Na ce."

"Ki yafe mini."

Mai keken gabansu ya samu hanya ya wuce, na baya suka dame su da hon. Aƙilu ya ja motar.

"Ni ban riƙe ka ba," in ji ta, bayan sun shige ƙofar. "Ciwo na Allah ne. Ni ma da ka ce lafiyata ƙalau sai na yarda, na ce ƙila ni ce raguwa. Na yi ta istigfari a kan lalaci." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya ne ke ci mini rai. Malam ya tafi yana ganin na gaji da shi ne. Ranar da zai cika ya dube ni, na so in yi masa murmushi ko sau ɗaya, na san abin da fuskata za ta yi, sai na sunkuyar da kai. Da wannan ya tafi."

Ba ta yi kuka ba. Shi ne hawaye ya hana shi ganin hanya, sai da ya tsaya a gefe kusa da masu sayar da rake.

Kwana biyu bayan haka ya yi sallama a gidan Hajo. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince wake. Ya gaishe ta ya zauna a ƙasa, ya yi mata bayani dalla-dalla da Hausar da za ta gane: cewa Tayyiba ciwo gare ta na gaske mai suna, cewa hannun da ya saki kofi ba ganganci ba ne, cewa maganar da ya faɗa a zaure ran nan kuskure ce, bai duba yadda ya kamata ba, kuma yana so duk wanda ya ji ta farko ya ji wannan.

Hajo ta saurara har ya gama, hannunta bai daina tsintar waken ba.

"Na ga tana fita yanzu," ta ce. "Na ce ko don Jalo ba ya nan ne ta samu sakewa."

"Wallahi magani ne, Hajiya. Zan iya kawo miki takardun asibiti."

"Me zan yi da takarda, Dakta? Da ma kai ne takardarmu." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafin hannu. "Jalo ya zauna a nan inda kake, ya fi sau goma, yana tambayata me ya yi wa matar nan. Ni kuma in ce masa ya ƙyale ta, tun da ɗan'uwanta mai ilimi ya ce ba komai. Yanzu ka zo ka ce da komai." Muryarta ta karye. "Ni na ƙwace kofin nan a hannunta. A gabansa."

Aƙilu ya sunkuyar da kai. Daga can wani gida ana daka.

"Zan je in same ta," in ji Hajo. "Ba yau ba. Sai na iya haɗa ido da ita."

Sai da ta yi wata guda sannan ta je, da ƙwaryar fura a hannu. Salma ta ce sun daɗe a ɗaki su biyu, ba wanda ya ji abin da suka ce, kuma tun daga nan sukan gaisa. Tayyiba ta gwada komawa ɗinki sau ɗaya, ta tarar ido ya tsufa da kansa, masu kawo aikin hannu kuma sun watse, ta ba wata maƙwabciya sauran zarenta. Aƙilu ya ci gaba da aikinsa a Samaru. Tsofaffin Kusfa ba su daina tare shi a bakin masallaci ba, amma ya daina gyaɗa kai. Yakan tsaya ya ji bayanin har ƙarshe, ya tambayi yaushe abin ya fi tsanani, sannan ya rubuta wa mutum sunan sashen da zai je a Shika. Wasu suka riƙa cewa Dakta ya yi sanyi, ba ya ba da magani kamar da.